Kwalbar Madara a Makokin Baffa

Ranar sadakar uku ta Baffa, gidansa na unguwar Lozells a Birmingham ya cika har babu inda za a ajiye takalmi. Wanda ya san gidajen layin nan ya san yadda suke, ƙofa ɗaya, siririn lungu, sai falo biyu. Maza suna falon gaba, mu mata muna na baya da kicin, yara sun jeru a kan matakala suna ta zuba Turancinsu na Birmingham. Kowa da abin da yake tunawa. Mutanenmu na Ghana da suke sallah tare da shi suna cewa ba su taɓa ganin mai tambaya irin wannan bawan Allah ba. Wani likita yana ba da labarin yadda Baffa ya ajiye shi wata guda a ɗakin sama lokacin da ya zo ƙasar nan bai san kowa ba. Gwaggonmu, 'yar'uwar Baffa, tana share hawaye tana cewa, "Ko faɗan nasa ne a dawo mini da shi, ina so." Aminin Baffa kuwa, wani Alhaji da suka taso tare tun Kano, yana kusurwa da carbi, tun safe bai ce uffan ba. Hajiya, matar Baffa, ita ma haka, tana cikinmu amma kamar ba ta nan.

Ana cikin haka sai ga wani tsohon Bature a bakin ƙofa, dogo, cikin baƙar kwat, riƙe da kwalbar madara. Ya cire takalmi, ya leƙa falon maza, ya ɗaga murya da wata gurguwar Hausa ya ce, "Ina ɓarawon nonon nan? Ya gudu ko?"

Falo ya yi tsit. Wani ya ce subhanallahi. Wani matashi ya zabura ya miƙe, fuska a murtuke. Ni kuwa ina lungu riƙe da tiren shayi, kuka da dariya suka taho mini a tare har na rasa wanda zan fara. Baturen nan surukina ne, mahaifin maigidana, kuma duk cikin masu ta'aziyya babu wanda ya yi wadda Baffa zai fi so kamar shi. Amma sai na koma baya kafin a gane.

Baffa yayan mahaifina ne. Da mahaifinmu ya rasu ina sakandare, shi ya zama ubanmu, ko da yake mu muna Manchester shi yana Birmingham. Injiniyan jirgin ƙasa ne har ya yi ritaya. Babarbare ne na asali, da zanensa a kumatu, kuma bai taɓa bari a manta ba, duk da a Kano aka haife shi, Barbarcin da yake ji bai wuce gaisuwa ba. In ka tsokane shi da haka sai ya ce, "Yare a baki yake, asali a jini."

Tambaya ɗaya gare shi a duniya: "Ɗan gidan wa ne?" Ya yi wa likitansa ita. Ya yi wa ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya zo duba rufin gida. Akwai ranar da mai gyaran tukunyar ɗumama gida ya zo aikin rabin awa, bai fita ba sai da ya faɗi garin uwarsa da sana'ar kakansa, ya sha shayi kofi biyu. In muka ce Baffa, Turawa fa ba sa son irin wannan, sai ya ce ƙarya muke yi, kowa yana son a tambaye shi gidansu, rashin mai tambaya ne ya sa suka bushe. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in ji shi, to yaya za ka san kukan in ba ka san gidan ba?

To wannan mutumin ne waliyyina. Ni kuma na je na jajibo Bature.

A jami'a muka haɗu a Salford, kusa da Manchester. Ya musulunta tun kafin ya san da ni a duniya, yana sallarsa, yana azuminsa, ga sanyin hali har yana ba ni haushi. Da na gaya wa Umma a flat ɗinmu na Whalley Range, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, cewa ta yi, "Ki je wa Baffanki." Na san abin da hakan yake nufi.

Muka je Lozells ran Asabar. Baffa ya karɓe shi hannu biyu, ya ja shi sallah, ya saurari karatunsa, ya gyaɗa kai. Har na fara murna. Sai ya gyara zama.

"Mahaifinka me yake yi?"

Ya ce makanikin motocin bas ne, ya yi ritaya.

"Kakanka fa?"

Dako yake yi a tashar jiragen ruwa ta Salford.

"Madalla. Uban kakan fa? Daga wane gari ya zo?"

Bawan Allah ya yi ja har kunnuwa, ya ce gaskiya bai sani ba, kuma ba ya jin mahaifinsa ma ya sani. Baffa ya juyo gare ni ya koma Hausa: "Daga sama suka faɗo?"

Bayan ya sallame shi ya kira ni. Ya ce yaron yana da hankali, addininsa ma babu laifi, amma shi ba ya ba da 'ya ga wanda ba shi da mutane. Ni kuwa da ma bakina ba ya shiru. Na ce, "Haba Baffa, nan fa Ingila ce!" Ya ce, "A Ingila ba a haihuwa?" Na ce mutumin da ya bar komai ya karɓi kalmar shahada, sai a tsaya ana tono kakan kakansa? Ya ce shahada tsakaninsa da Ubangijinsa ce, ita kuwa 'ya tsakanin gida da gida ce, ranar da ya ɓata miki rai wa zan kai wa ƙara? Na yi kuka, na yi rantsuwa, na fita na bugo ƙofa har Hajiya ta biyo ni da mayafina. Wallahi na ji haushin Baffa ranar kamar in mutu. Amma na san abu ɗaya, in bai ɗaura ba babu mai ɗaurawa, kuma ni ba zan tsallake shi ba.

Maigidan nawa, wanda a lokacin saurayi ne, bai yi fushi ba. Laburare ya shiga. Ashe Turawan nan duk shekara goma suna ƙidayar jama'a gida gida, su rubuta sunan kowa, shekarunsa, sana'arsa da inda aka haife shi, kuma tsofaffin suna nan ana iya dubawa. Yana tashi daga aiki sai can. Ya yi ta bin sawu baya baya, daga Salford zuwa wani lungu a Birmingham inda suka taɓa zama, daga nan har wani ƙauye a Shropshire, kusa da iyakar Wales. Ya buga takardu, ya jera su a fayil, ya kai wa Baffa yana ta zumuɗi.

Baffa ya karɓa, ya auna nauyinsu a hannu, ya ajiye a kan talabijin. Ya ce, "Takarda ta san wa ya haifi wa. Ba ta san hali ba. Zan je da ƙafata."

Saurayin ya ce zai kai shi. Baffa ya ce ina aka taɓa tafiya bincike da wanda ake bincika? Ni ma a ƙa'ida bai kamata in je ba, amma likitan ido ya riga ya raba Baffa da tuƙi, ba shi da yadda zai yi. Da zai shiga motar ya ce, "Yau ke direba ce. Direba ba shi da baki."

Ya sha babbar riga fara da hula zanna, ga goro a ƙunshe, ga fulas ɗin shayi, ga darduma, ga fayil a hammata. Muka bar babbar hanya muka shiga wasu 'yan hanyoyi da mota biyu ba ta giftawa, shinge hagu da dama, tumaki ko'ina a kan tuddai. Ƙauyen kansa bai fi gidaje 'yan kaɗan ba, da coci, da mashaya, da kanti ɗaya. Muna tsayawa Baffa ya tare wani mutum mai jan kare, ya gaishe shi da Turancinsa na injiniya, tsaf tsaf, ya ce yana neman mai gari. Mutumin ya ce ba su da shi. Baffa ya ce to mai unguwa. Babu. Ya dube ni ya ce da Hausa, "Gari babu shugaba. An fara."

Bai karaya ba. Ya faɗi sunan gidan, ya tambayi mutumin ko ya san su. Shin akwai hauka a zuriyarsu? Akwai wanda aka taɓa kamawa da sata? Suna dukan mata? Ni dai na sunkuyar da kai ina addu'ar ƙasa ta tsage in shige. Mai kare ya ce bai taɓa jin sunan ba, shi ma daga London ya dawo nan. Mai kanti ita ma ba ta sani ba, amma ta ce mu je gidan da ke jikin coci, akwai tsohuwar da take riƙe da mabuɗi, in ita ba ta sani ba babu wanda ya sani.

Tsohuwar nan 'yar ƙarama ce, ta haura tamanin, da sandarta. Ta ga dattijo cikin babbar riga a ƙofarta ko gezau ba ta yi ba, ta ce mu shigo ruwa zai sauko. Baffa ya miƙa mata goro da hannu biyu, ya ce a garinmu ba a zuwa neman magana hannu rabbana. Ta gutsura, fuskarta ta tattare wuri ɗaya, ta haɗiye da ƙyar ta ce yana da ban sha'awa. Tun daga nan Baffa ya ce wannan 'yar mutunci ce.

Ta ɗauko kwafin rajistar cocin, inda limamansu suke rubuta wanda aka yi wa wankan suna, wanda ya yi aure da wanda aka binne. Ta ce na asalin an kai ma'ajiyar gunduma. Suka baje a kan teburin kicin, nata da namu, kai da kai, tabarau da tabarau. Sunayen suka yi ta fitowa. Ga auren wannan, ga haihuwar wancan. Ina ta jin daɗi har na ga yatsan Baffa ya tsaya. Ya koma takardar baya, ya dawo, ya sake komawa.

"Zo ki gani," ya ce mini da Hausa. "Wannan ƙidayar suna ƙauyen nan. Ta gaba suna wani. Ta gaba kuma wani daban. 'Ya'ya biyar, kowanne da garin da aka haife shi. Mutanen nan ba sa zama. Mutumin kirki ba ya kwashe iyali haka kawai, sai in korarsa ake yi."

Na san muryar nan, ita ce ta yanke hukunci. Ya cire tabarau ya tambayi tsohuwar kai tsaye, me suke yi wa mutane da ko'ina suka je ba sa daɗewa?

Ta yi dariya har da tari. Ta ce ba abin da suke yi, aikinsu ne haka. Ta sa yatsa a layin sana'a. Makiyayin tumaki. Ɗansa makiyayin tumaki. Ƙanensa mai kiwon shanu. 'Yarsu mai tatsar madara. Ta ce a wancan zamanin irinsu ba su da gona ko gida, shekara shekara ake ɗaukarsu, inda garke yake nan suke. Ta ce ai ta san sunan tun tana yarinya, akwai wani fili a kan tudun can da har gobe da sunan gidansu ake kiransa. Kakarta takan ce mutane ne marasa magana, sun fi sakewa da tumaki a kan mutane, amma ba a taɓa jin ɗan rago ya ɓata a hannunsu ba.

Baffa ya mayar da tabarau. Ya dubi takarda, ya dubi taga inda tumaki suke kiwo cikin yayyafi, ya dubi tulun madarar da ke kan tebur. Sai na ga kafaɗunsa sun fara rawa.

"La'ilaha illallahu," ya ce. "Ba gida, ba gona, suna bin dabbobi gari gari. Ga rashin magana. Ga kunya, yaro ana yi masa tambaya yana yin ja. Ga dogon hanci. Ga madara a cikin komai. Ke! Fulani ne!"

Na ce, "Baffa, Turawa ne fa."

"Direba ba shi da baki. Fulani ne suka yi nisan kiwo. Ashe bayina ne nake ta wahalar bincike a kansu!" Ya yi ta dariya har hularsa ta zame, tsohuwa tana taya shi ba tare da ta san dalili ba. Ni ban yi gardama ba kuma. Wanda ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani ya san an gama magana, domin Babarbare ba ya ƙin Bafillace, sai dai ya zage shi.

Kafin mu tafi tsohuwar ta kai mu bayan coci ta nuna mana duwatsu biyu da suka karkace, rubutun ya kusa shafewa. Baffa ya daina dariya. Ya tsuguna da farar rigarsa a jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya ciro hankici ya goge gansakukar da ta rufe sunan, ya tuge ciyayin gefe da hannunsa. Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe ya ce, "Yaron nan yana da mutane. Ba a zuwa duba su ne kawai." A mota na yi ta kuka har sai da ya ce in tsaya a gefe kada in kashe shi bai ɗaura aure ba.

Ranar da aka kawo gaisuwar iyaye Baffa ya fara haɗuwa da surukina. Dattijo ya shigo a ɗarare, da taye a wuya, bai san inda zai sa hannunsa ba. Baffa ya dube shi sama da ƙasa ya ce da Turanci, "To, bawana, ka zo? Ina nonon da ka kawo wa ubangidanka?" Mutum ya yi fari fat. Sai da ɗansa ya ja shi gefe ya yi masa bayani, cewa wasa ne na kaka da kakanni, kuma wanda aka yi wa shi an ɗauke shi ɗan gida, abin da ake so shi ne ya rama. Ya yi tunani ya ce zai rama, amma kalmar nan ta bawa ba za ta fita daga bakinsa ba, ya san abin da mutanen ƙasarsa suka yi da ita. Baffa ya tafa hannu ya ce, "Kun ji ko? Kunya! Fillanci ke nan tsantsa." Shi da kansa ya zaɓa masa zagin da zai riƙa yi, ya koya masa da Hausa har ya iya: ɓarawon nono.

Tun daga ranar surukina bai taɓa taka gidan nan ba tare da kwalbar madara ba. Duk Lahadi suna waya, rabinta zagi, rabinta hirar injin bas da na jirgi. Baffa yakan ce masa ya sayar da gidan Salford ya koma daji inda ya fi wayo. Shi kuma ya ce wanda ya kasa kiwon akuya ɗaya ba shi da bakin magana. A sunan 'yarmu ta fari Baffa ya ɗaga ta ya ce an ƙara masa baiwa, ya sa mata 'Yar Fillo, har yau sunan ya bi ta makaranta. Shi ya tasa surukina a gaba, jirgi da bas, ya kai shi ƙauyen nan ya nuna masa duwatsun kakanninsa da filin da ke kan tudu. Mutum ya haura saba'in bai taɓa sanin daga inda ya fito ba sai da Babarbaren Kano ya kai shi.

Da matar surukina ta rasu, Turawa suka yi jana'izarsu ta yini ɗaya kowa ya watse. Baffa ya hau jirgi ya tafi Salford da dardumarsa da fulas ɗinsa, ya zauna masa kwana uku. Ya ce ba a barin mutum shi kaɗai da gawa a zuciya, ko da Bafillace ne.

Wannan shi ne mutumin da ya tsaya a ƙofar falo da kwalba a hannu, yana tambayar ina ɓarawon nono. Ya faɗa da ƙarfi kamar yadda ya saba, amma da shirun ya yi tsawo sai na ga ya rungume kwalbar a ƙirji. Ya dubi kujerar Baffa, wani ne a kai. Ya dubi fuskoki, babu wadda ta sake masa. A nan na gane cewa duk shekarun nan mutum ɗaya ne yake amsa masa a gidan, kuma an binne shi shekaranjiya. Ya fara ja da baya yana neman takalminsa.

Sai Alhaji, aminin Baffa, shi ma Babarbare, ya ajiye carbi. Ya ce wa matashin da ya miƙe, "Zauna, yaro, ba da kai ake ba." Ya dafa bango ya tashi, ya gyara zannarsa, ya nuna surukina da yatsa.

"Kai Bafillace, ina za ka? Ka makara, ubangidanka ya riga ka. Amma kada ka ɗauka ka 'yantu. Tun yana asibiti ya ce in ya tafi ni zan gaje ka. Miƙo nonon nan."

Ya maimaita masa da Turanci don kada ya ce bai ji ba. Surukina ya tsaya yana kallonsa. Da ƙyar ya ce, "Kai ma ɓarawo ne?"

Falo ya fashe da dariya, har da likita, har da matashin. Aka matsa masa wuri a kan kafet kusa da Alhaji. Ya zauna, ya naɗe dogayen ƙafafunsa yadda Baffa ya koya masa, ya rufe fuska da hannu biyu ya yi ta kuka, Alhaji yana bubbuga bayansa yana cewa Fulani da ma ba su da juriya.

Na juya zan koma kicin sai na ga Hajiya a bakin ƙofar falon baya, cikin mayafin takaba. Rabonta da magana tun ranar rasuwa. Ta miƙo hannu ta ce, "Karɓo mini kwalbar nan. A zuba a shayin mutane, kada ta lalace."

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa, ya sa ya iske mutanensa lafiya. Na tabbata duk wanda ya tarar a can sai ya tambaye shi ɗan gidan wa ne.